Azumin da Magajiya Ta Daina Tashi

Bana azumi ya zo mana a tsakiyar zafi. Kwana goma sha ɗaya babu ko gajimare, kwanon ɗaki yana ƙara da rana kamar ana taka shi, ruwan randa kuwa ya koma kamar na wanka. Ran sha biyu, bayan la'asar, ina tsugune ina tace gero, sai iska ta juyo daga wajen teku, hadari ya haɗu, aka saki ruwa. Ƙamshin ƙasa da warin gota, babbar magudanar ruwan unguwa, da tsamin gasarar da ke hannuna suka shige mini hanci lokaci guda. Na ajiye rariya na zauna a kan turmi. Sadiya, 'yata, ta leƙo ta ce, "Mma, lafiya?" Na ce lafiya lau. Ba lafiya ba ce. Wani azumi ne ya dawo mini, na shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, wanda ya faɗo cikin ƙaramar damina, shekarar da kamfaninmu na jiragen sama ya durƙushe.

Sunana Rakiya. Yaran unguwarmu Maamobi na yanzu Mma mai koko suka sani, ba su san shekara goma sha tara na yi ina sharar cikin jirgin sama ba. Kullum da safe bas ɗin kamfani yakan tsaya mana a mahaɗar Kawokudi, mu shiga da shuɗiyar riga da katinmu rataye a wuya. A unguwa ana ganin girman wannan katin. Ko mai tirotiro, motar haya, ya gan shi yakan ce, "Anti, shigo gaba."

Akwai ƙananan jirage da muke kira Tagwaye, masu inji biyu a gindin wutsiya. Su ke bin bakin teku, Abijan, Manrobiya, Firitawun, Banjul, har Dakar, su dawo. In aka buɗe ƙofarsu warin busasshen kifi da manja ne ke fara yi maka maraba, domin 'yan kasuwa mata suke ɗauka, masu jakunkuna har ƙarƙashin ƙafa. Sai babba, mai inji uku, biyu a fukafukai, ɗaya a can sama a kan wutsiya. Mu 'yan Zango muka raɗa mata Magajiya, har ƙabilun Ga da Fanti da Ewe suka karɓi sunan. Ita ke zuwa Landan da Amurka. In ta sauka muka hau, sanyin can yana nan a cikinta bai gama fita ba, da ƙamshin turare da na tuffa. Ni layukan baya na hagu aka ba ni. In kwashe shara, in zazzage aljihun kujera, in canza ƙyallen matashin kai, in gicciye bel, in ninke bargo. Na san kujerar da ba ta kwantawa, na san tagar da marufinta ke maƙalewa. Abin da fasinja suka bari ba a taɓa ba, ɗan burodi, man shanu a takarda, akan bar mana. 'Ya'yanmu sun tashi da burodin Landan a baki.

Amma lokacin da na fi so shi ne na alhazai. Tsofaffi daga Bawku da Wa da Yendi, waɗanda ba su taɓa ganin ko matakalar jirgi ba, suna hawa suna talbiya, wasu suna kuka. In sun dawo kuma, ƙwallon dabino ko'ina, jarkokin zamzam, ƙamshin almiski ya kama labule sai ya yi mako. Ban taɓa jin ƙyamar sharar jirgin alhazai ba.

A cikin Magajiya na haɗu da Idirisu. Fita ne, mai gyaran inji da ƙafafu, amma ran nan an turo shi ya duba ruwan da ke yoyo a bayan jirgi. Ina goge ƙasa ya ce mini, "Kai, ɗaga ƙafa." Na ɗago na ce, "Wa kake ce wa kai?" Iyayena daga Dogondutsi suka zo, kuma babana ba ya wasa da Hausa a gidansa. Shi kuwa Idirisu ubansa Kotokoli ne, uwarsa Bafanta, Hausarsa ta unguwar Nima ce, wadda ba ta san mace da namiji ba. Ya yi dariya ya ce, "To yi haƙuri. Kai fa, mene sunanka?" Shekara ashirin da uku muka yi tare, bai taɓa ce mini "ke" ba. Ko Magajiya "ya" yake ce mata. Muna cin tuwo a tsakar gida sai ya tsaya da loma a hannu, ya karkata kunne, ya ce, "Magajiya ya tashi. Injin hagu yana so wanki." Washegari a duba a tarar haka ne.

Sau shida ya bi jirgin alhazai har Jidda, saboda ko wani abu zai taso a can. Ya sauka, ya zagaya jirgi, ya duba tayoyi, a sha mai, su juyo. Bai taɓa ganin Ka'aba ba. Amma kamfani yana da al'ada, duk shekara yakan zaɓi 'yan ma'aikata Musulmi su raka alhazai su kuma sauke farali. A waccan shekarar aka liƙa takarda a bangon hanga, wato rumfar gyaran jirage, da sunansa da nawa a jere. Ran nan da ya dawo gida sai da ya ɗaga ni sama a gaban maƙwabta.

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba. An fara jin an riƙe jirgi a wata ƙasa, an bar fasinja a wata. Tagwaye suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, ana cire kayan wannan a sa wa wancan. Albashi ya fara makara, daga baya ya daina zuwa. Sai wata safiya, kamar wata biyu kafin azumi, muka tsaya a Kawokudi har rana ta take, bas bai zo ba. Muka taka da ƙafa. A bakin ƙofa muka tarar da takarda: kowa ya zauna gida har a neme shi.

Gidanmu kuwa duka a jikin kamfanin yake rataye. Ni, da Idirisu, da mijin Sadiya, wanda ke lodin kaya. Ga Sadiya ta dawo gida haihuwar fari, ta sauka saura kwana tara a ga wata. Ragon suna ma 'yan'uwan Idirisu ne suka haɗu suka kawo.

Kowa ya zauna gida, ban da mutum huɗu. Shugabansu Masta Kwei, wani tsoho ɗan ƙabilar Ga, Kirista, wanda ya koya wa Idirisu aiki, sai Idirisu da wasu biyu. An ja Magajiya an ajiye ta a gefen hanga, a fili. Suka ce jirgi ba ya son zama. In aka bar shi wata uku ba mai taɓa shi, ya mutu. Kuma ana raɗe-raɗin cewa in tana da lafiya, hukuma za ta tashe ta ta kwashi alhazai bayan ƙaramar Sallah. Masu gadi sun san su, suka kau da kai. Da aka fara ɗauke-ɗauke a hanga, Idirisu ya ɗauko akwatin kayan aikinsa ya kawo gida. Nasa ne na kansa, jan akwati mai hawa uku, ya saye shi lokacin da aka tura shi koyon aiki Turai yana saurayi. Ya tura shi ƙarƙashin gado. Kullum sai ya zaɓi abin da zai buƙata, sifana biyu ko uku, ya naɗe a tsumma ya sa a jaka.

Haka azumi ya same mu. Da asuba mu yi sahur da garin rogo jiƙe da ruwa da ɗan sukari. In an idar da salla ya saka takalmin aiki ya kama hanya da ƙafa, daga Maamobi ya bi ta Kawokudi, ya ratsa unguwar manya, har filin jirgi. Ruwan shekarar ba ya sallama. Sai rana ta gasa mutum har azahar, tufafi su manne a jiki, sannan hadari ya taso a yi kamar da bakin ƙwarya. Gota ta cika ta tumbatsa, ta kwaso ledoji da dattin Nima ta shigo da su lungu. Ɗakinmu yana yoyo wuri uku, muka jawo katifar Sadiya da jaririnta tsakiya, muka kewaye su da kwanoni. Itace ya jiƙe, gawayi ya yi tsada, ga ruwan wankan jego safe da yamma.

A makon farko na bi shi sau uku. Ya ce cikin jirgi ya fara wari, a zo a taimaka. Ban taɓa shiga Magajiya babu wuta ba sai lokacin. Duhu, da zafi kamar tanderu, da warin fumfuna. Muka bubbuɗe ƙofofi gaba da baya don iska ta ratsa. Na bi kujeru da tsumma da ruwan sabulu, maƙogwarona a bushe, ina jin su a ƙasa suna aiki. Sukan sa jak su ɗaga ƙafa ɗaya, su juya taya da hannu don kada ta kwanta ta gefe guda. Su tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin tankin mai. Su duba ledar da suka rufe bakin injina da ita, su fasa gidan zanzaro, don zanzaro ba ya barin ƙaramin rami. Masta Kwei ya daina kawo abinci. Na ce masa, "Masta, kai me ya hana ka ci?" Ya ce, da Hausarsa ta hanga, "Ni ma azumi. Naku na Allah, nawa na gwamnati."

A zuwana na uku, da rana ta tsaya, Idirisu ya hawo, ya ja hannuna zuwa gaba, wurin manya, inda kujerun ke da faɗi. Shekara goma sha tara ina goge su ban taɓa ɗora jikina a kai ba. Ya ce, "Zauna." Na ce a'a. Ya ce, "Wa zai kore ka?" Na zauna. Ya zauna kusa da ni, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Ya nuna taga ya ce, "In mun tashi, ka duba nan. Za ka ga teku, sai jirgi ya juya, sai daji. In an daɗe sai yashi, yashi, ba iyaka. Kada ka yi barci, Rakiya. Mutane suna barci suna asara." Na ce ba zan yi ba. Ruwa ya sauko yana dukan bayan jirgin, muka zauna muna ji, har ya ɗauke.

Bayan wannan ban sake zuwa ba, domin gida ya fara gagara. Sukari ya ƙare, muka koma gari da gishiri. Buhun masara ya kai gindi. Da, ni ke aika kwanon buɗa-baki gida biyar a lungunmu. Yanzu na koma sauraron sallamar maƙwabciyata Mma Hawa mai masa, wadda takan turo mana shida a ganye, ta ce wai ragowa ce, alhali na san ba ta da ragowa. Na sayar da zannuwana biyu na ƙasan akwati, na sayar da 'yan kunnena. Duk suka tafi a gawayi da magani.

Ran goma ga wata nonon Sadiya ya fara janyewa. Yaron ya kama, ya ja, ya saki, ya tsala kuka. Ran sha biyu kukan ma ya rage ƙarfi, ya koma kamar na ɗan kyanwa. Mma Hawa ta shigo ta ɗaga shi, ta taɓa maɗigarsa, ta ja ni waje ta ce, "Rakiya, yarinyar nan ba ta ci. Mai jego ba ta rayuwa da gari. A nemo kifi, a nemo gero. Kuma ga bakin titi can, tun da mai koko ta koma Arewa ba wanda ya zauna. Kin iya dama koko, me kike jira?"

Da Idirisu ya dawo na tare shi. Na ce, "Malam, ka je Abossey Okai, kasuwar kayan mota. Masu gyaran mota suna neman irinka. Ko na mako biyu ne."

Ya ce, "In na bari mako biyu, Magajiya ya lalace."

Na ce, "Jikanka fa?"

Ya ce, "Allah yana nan. Ka yi haƙuri kaɗan. Masta ya ji magana, bayan Sallah za a kira mu."

Na ce, "Jariri ba ya jiran Sallah."

Ya ɗauki buta ya fita.

Washegari, ran sha uku, da ya tafi, na jawo jan akwatin. Nauyinsa ya kusa karya mini wuya. Na sa shi a babban baho, na rufe da zane, Mma Hawa ta ɗora mini. Na shiga tirotiro har Abossey Okai. Na wuce rumfuna da yawa ina jin kunyar tsayawa, ƙafata tana nutsewa a taɓo mai baƙin mai, har na ga wani dattijo Asante zaune shi kaɗai a shagonsa. Na sauke. Ya buɗe hawa na farko, ya buɗe na biyu, ya yi fito. Kowane ƙarfe a gurbinsa, a goge, da harafin sunan Idirisu da ya sassaƙa a jiki. Ya ɗago ya dube ni ya ce da Turanci, "Maame, waɗannan ba na mota ba ne. Ina kika samo su?"

Na ce, "Na mijina ne."

Ya ce, "Ya rasu ne?"

Na ji tsoron kada ya ce na sato. Na ce, "I."

Da azumi a bakina na faɗi haka. Ya yi mini ta'aziyya, har ya ƙara mini a kan abin da ya fara tayawa.

Daga nan na wuce Kasuwar Malam Atta. Na sayi gero, citta, kanumfari, barkono, sukari, babbar tukunya da gawayi. Na sayi kifi da kaza guda. Kafin la'asar gidan ya ɗauki ƙamshin da ya manta. Sadiya ta sha romo kwano biyu tana hawaye.

Idirisu ya shigo gab da magariba, jiƙe sharkaf. Ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iska. Ya dubi tukunya, ya dubi geron da na jiƙa, ya dube ni. Ya shige ɗaki. Na ji ya durƙusa. Ya daɗe. Sannan ya fito, gwiwoyin wandonsa da ƙura.

Ya ce, "Kai ka sai da?"

Na ce, "Ni na sayar."

"Duka?"

"Duka."

Na shirya faɗa. Na tanadi maganganu tun a mota, na jera su. Amma sai ya ce, "Sadiya ya ci?"

Na ce, "Ta ci."

Ya ce, "To." Aka kira salla, ya kurɓi ruwa, ya tafi masallaci.

Ran sha biyar na fara fitar da koko. Aikin yana da tsari, kuma har yau haka nake yin sa. A jiƙa gero ya kwana, a wanke, a kai inji da citta da kanumfari da barkono, a tace, a bar shi ya kwanta ya yi tsami, a tsiyaye ruwan sama a tafasa, a dama. Da safe in fita saboda waɗanda ba sa azumi, 'yan makaranta da direbobi. Da la'asar in sake damawa saboda buɗa-baki. In ruwa ya sauko in rufe tukunya da leda, ni in tsaya a jiƙe. Allah ya sa wa abin albarka. Kafin mako nono ya dawo, yaron ya fara cika hannu, kukansa ya koma na mutane.

Amma Idirisu bai sha kokon ba. Ranar farko na zuba masa a kofinsa, na sa sukari, na ajiye kusa da tabarmarsa. Ya ture shi gefe a hankali ya ce, "Ba Sadiya." Ya jiƙa garinsa ya sha. Rana ta biyu haka, ta uku haka. Tuwo yakan ci loma kaɗan ya tsame hannu. Na ce a raina, wato fushi yake. Wato abincin da ya ceci jikansa haram ne a wurinsa, saboda ƙarafa. Zuciyata ta hau. Na daina zuba masa. Na daina yi masa sannu da zuwa. In ya yi sallama Sadiya ce ke amsawa. In ya ce, "Rakiya, ina tawul?" sai in nuna da baki. Wata rana ya zauna kusa da ni ina tace gero, ya ce, "Yau mun kori tsuntsu a injin sama, har ya yi ƙwai." Na tashi na bar masa wurin. Yana fita kullum da 'yan sifanu ukun da suka rage a tsumma, ina ganin wuyan rigarsa yana ƙara faɗi, na ce shi ya so.

Ran ashirin da shida, bayan azahar, ina hura gawayi a bakin titi, yayyafi yana sauka, sai tasi ta tsaya a gabana. Masta Kwei ya fito, ba hula. Ya ce, "Rakiya, bar tukunya. Zo."

A mota ya gaya mini. Suna ƙarƙashin fiffike, Idirisu yana fama da wani noti da ya ƙi kwancewa, da filayar aro, domin abin da ya dace da notin ba ya nan. Ya ja, ya ja, sai ya zauna a ƙasa. Suka ɗauka hutawa yake. Da suka yi masa magana bakinsa ya karkace.

Asibitin kamfani an rufe shi tun tuni, sai na gwamnati suka kai shi. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Ya tambaye ni ko yana shan maganinsa. Ban ma san ya ƙare ba. Kusan wata uku ke nan, tun da aka rufe wurin da ake ba shi, kuma bai faɗa ba. Na tsaya a kansa na ce, "Malam. Malam, ni ce." Ya buɗe ido ya dube ni, leɓensa ya motsa, sauti ya fito, amma ba magana ba ce. Ba ta sake zama magana ba.

A can muka yi Sallah. Ina jin kabbara daga nesa, ina goge masa baki. Kwana huɗu ba abin da ke wuce maƙogwaronsa sai ƙarin ruwa da ake yi masa a hannu. Ran na biyar nas ta ce a gwada abu mai ruwa-ruwa. Sadiya ta kawo koko a fulas. Na tsaya da cokali a hannu, don ina tsoron ya kau da kai a gaban mutane. Na kai bakinsa. Ya dube ni, ya buɗe gefen da ke buɗuwa, ya haɗiye. Ya sha cokali tara. Na fita baranda na yi kuka, ban san ko yafewa ce ko yunwa ba.

Bayan wata biyu na koma Abossey Okai da abin da na tara, ko zan fanso wani abu in ajiye masa inda zai riƙa gani. Dattijon ya gane ni. Ya ce an saye su ɗaya-ɗaya, har akwatin. Ya ce, "Me za ki yi da su, tunda mai su ya tafi?" Na ce, "Bai tafi ba. Ƙarya na yi maka." Ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

Alhazan shekarar jirgin wata ƙasa ne ya kwashe su. Magajiya ba ta sake tashi ba. An karɓe katin su Masta Kwei a bakin ƙofa, daga baya wasu suka zo suka kwance injinan, aka ja gangar jikin gefe, ciyawa ta kewaye ta. Masta ya koma garinsu a bakin teku. Ban gaya wa Idirisu ba, kuma ba sai na gaya masa ba. Ina fitar da shi tsakar gida da safe ya sha hantsi, in jirgi ya tashi ya karkata kunne, ya saurara har ƙarar ta ɓace, sannan ya mai da kansa kan matashi.

Shekara huɗu ya yi a haka. Na yi masa wanka, na juya shi, na ba shi abinci a baki. Na roƙe shi gafara ba sau ɗaya ba. Yakan kama hannuna da na hagunsa ya matse, yana ta ƙoƙarin faɗin wani abu har jijiyar wuyansa ta tashi, sai in ce, "Bari, Malam, na ji." Ban ji ba. Ya rasu wata Laraba da hantsi, Sadiya tana yanke masa farce.

Ran addu'ar bakwai Masta Kwei ya zo, ya tsufa, yana dogara sanda. Bayan mutane sun ragu ya zauna a bencina na koko, na zuba masa. Ya kurɓa ya ce, "Wannan ne kokon. Idirisu ya cika mana kunne da shi."

Na ce, "Wane Idirisu? Ai bai taɓa sha ba sai da ya kwanta."

Ya ce, "Na sani. Kullum yana faɗi a ƙarƙashin jirgi. Ya ce, Masta, matana ya fi ni hankali, ya ceci yaro, ni na tsaya ina gadin ƙarfe. Na ce to ka sha mana. Ya ce a'a, kofi ɗaya da zan sha, gara a sai da shi ko Sadiya ya sha. Ni ban kawo komai gida ba, ba zan rage musu ba. In Magajiya ya tashi, zan sha da tukunya."

Na ce, "Bai yi fushi da kayan ba?"

Ya ce, "Ya yi kuka rana ɗaya. Washegari ya ce, da ma shi ya kamata ya kai su kasuwa da kansa, kunya ce ta hana shi. Ya ce yana so ya gaya miki, amma kin daina zama inda yake." Ya dube ni da mamaki. "Ashe bai faɗa miki ba?"

Na ce, "Bai samu wuri ba."

Masta ya ƙarasa kokonsa, ya ajiye kofi, ya yi mini sallama. Na raka shi har bakin titi, na tsayar masa da mota. Da na dawo ban iya shiga gida ba. Na zauna a bencin na ƙirga da yatsu, daga ran sha uku zuwa ran ashirin da shida. Kwana goma sha uku. Su ne na ƙarshe da yake da bakin magana, yana dawowa da ƙafa cikin ruwa, ya zauna kusa da ni, ni kuma in tashi.